Butum-butumin da muka ƙera a Rimin Gado

Mai karatu, in ka kalli Enthiran, fim ɗin Rajinikanth na 2010, to ka san Chitti. Ni dai tun ina firamare butum-butumin nan ya shiga raina. Shi ya sa da wani darakta (a sakaya sunansa) ya ce yana neman butum-butumi don fitowa ɗaya tak a fim ɗinsa na barkwanci, ban yi wata-wata ba na ce a bar mani. Shiga sharo ba shanu ke nan!

Na tafi gida Rimin Gado na sami ƙanena mai gyaran rediyo a bakin titin Gwarzo. Bututun ruwa na roba muka yi ƙashi da shi, kwalin firiji ya zama ƙirji, tsohon bokiti ya zama kai, ƙwan tocila biyu idanu. Wuya ne ya ba mu ruwa. Motar rediyon kaset ta kasa juya bokitin, sai da yaron ya je Ƙofar Ruwa ya sayo injin goge gilashin mota, wanda dama kai-komo ne aikinsa, ya jona da batirin babur. Ranar da kan ya waiga hagu ya waiga dama, wallahi har tsalle na yi. Baba kuwa leƙowa ɗaya ya yi ya ce, "Ba za a kwana da gunki a gidana ba." Dole muka mayar da shi shago.

Ba mu muka fara ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya haɗa helikwafta da tarkacen motoci. A 2022 Isah Auwal Barde, yana ɗan shekara 17 a Kano, ya ƙera butum-butumin da ke bin motsin jikin mai sarrafa shi. Namu ko ƙafar nasa bai kama ba, waige kawai ya iya.

Bayan sati uku darakta ya zo, ya yaba, ya ɗauki hoto. Daga nan shiru. Ashe kuɗin an zuba su a kayan rawa da waƙa, aka shafa wa wani ɗan wasa fentin azurfa aka wuce wurin.

Kuɗin da ƙanena ke tarawa don sayen janareta su muka kashe, kuma ni na sa shi. Yanzu duk wata nake rage masa bashin. Butum-butumin na nan ƙofar shago, yara na taruwa a kunna masu. Kwanaki da na je, ya ce, "Yaya, ka bar sauran kuɗin, ka sayo mani wani injin. Hannu nake so ya ɗaga."