Riƙon Kwikwiyon da Ba Ya Gadi, Ba Ya Farauta

A tunanin Bahaushe kare ma'aikaci ne: ko dai ya bi mafarauci daji, ko ya raka makiyayi, ko ya kwana a ƙofar gida yana haushi. Don haka kalmar riƙo, wadda ake faɗa game da ɗan da aka karɓa daga hannun iyayensa domin a rene shi, ba ta saba zama kusa da kalmar kwikwiyo ba. Amma ita ce ta fi dacewa da abin da wata ma'aikaciyar jinya ta yi a birnin Los Anjalis na Amurka, bayan ta yi ritaya kuma mijinta ya rasu. Ta je gidan da ake tara dabbobin da aka yasar, ta sa hannu a takarda, ta dawo da ɗan kwikwiyo mai mako tara wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba.

Kwikwiyon ɗan jinsin Ciwawa ne, wanda ya samo sunansa daga wata jiha a arewacin Meziko, kuma shi ne mafi ƙanƙanta cikin jinsunan karnuka, domin ko ya girma da wuya ya wuce kilo 3. Ƙanƙantar ce ta jawo masa farin jini, farin jinin kuma ya jawo masa wahala. Bayan fim ɗin Beverly Hills Chihuahua na 2008 da yayin ɗaukar irin wannan kare a jaka, gidajen dabbobi na jihar Kalifoniya sun cika da su, har aka riƙa kwasarsu a jirgin sama zuwa wasu jihohi inda ake neman masu riƙo. Masu saye sun ga abin ado, ba su ga ɗawainiyar da ke tattare da shi ba.

Ita kuwa ta san ɗawainiya, domin ta shekara da shekaru tana jinyar jarirai bakwaini. Ta lura da cewa irin wannan kwikwiyo ba shi da kitsen da zai jingina da shi, saboda haka idan ya jima bai ci ba sukarin jininsa yakan faɗi, ya yi laushi, ya fara karkarwa, wani lokaci har ya suma. Sai ta raba masa abinci kashi huɗu ko biyar a yini, ta kuma ajiye zuma kusa domin ta shafa masa a dasashi idan ta ga alamar, kafin ta garzaya wurin likitan dabbobi. A tsakiyar kansa akwai maɗiga irin ta jariri, wadda a wasu 'yan wannan jinsi ba ta rufewa har tsufa, don haka faɗowa daga kujera kaɗai na iya zama ajalinsa. Maƙogwaronsa ma ba shi da ƙwari, sai ta guje wa igiyar wuya, ta ɗaura masa maɗauri a ƙirji. Ta bi allurar rigakafinsa kowane mako uku zuwa huɗu har ya cika mako 16, kuma kafin nan ba ta bari ya taka inda baƙin karnuka ke kai-kawo ba, don gudun cutar fabo mai sa amai da zawon jini.

Wuyar aikin ba a jikin kwikwiyon ta tsaya ba. Masana halayyar karnuka sun nuna cewa tsakanin mako 3 da kusan mako 14 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga shi tana tsoron kada ya karye, ga shi kuma ta san cewa karen da kullum yana hannu yakan tashi matsoraci mai cizo. Sai ta zaɓi ta danne tausayinta. Ta sauke shi ƙasa ya yi tafiya da ƙafarsa, ta bar jikokinta su zauna a tabarma ya zo ya sansana su da kansa, ta saba masa da ƙarar mota da ƙararrawar ƙofa. Idan ya yi gurnani ba ta ɗauke shi ta lallashe shi, domin lallashi a wannan lokaci koya masa gurnanin ne.

Tambayar da ta fi nauyi daga bakin babbar 'yarta ta fito. Irin wannan kare yakan yi shekara 14 zuwa 16 a duniya, ita kuwa uwar ta kusa saba'in. Wa zai riƙe shi idan ƙarfi ya ƙare? Uwar ba ta ɗauki maganar a matsayin rashin kunya ba, domin ta ga tsofaffin karnuka da yawa a gidan dabbobin nan waɗanda mutuwar masu su ce ta mayar da su can. Ta zauna da 'yar suka yi magana, 'yar ta amince za ta karɓe shi, aka rubuta, aka ware kuɗin magani da abinci.

A nan ne kalmar riƙo ta cika ma'anarta. Mai riƙon ɗa a al'adar Hausawa ba ya mallakarsa, amana ce aka ba shi, kuma ana auna shi da yadda ɗan ya tashi, ba da amfanin da ya ci daga gare shi ba. Wannan kwikwiyo ba zai kori ɓarawo ba, ba zai kamo zomo ba. Duk da haka matar da ta daina kunna fitilar kicin da asuba tun bayan rasuwar mijinta ta koma tashi ƙarfe biyar, domin akwai cikin da ba zai iya jiran hantsi ba.