Ƙafar Yaro a Likkafar Manya

A Daura ko Katsina yaro kan faɗo daga doki kan rairayi, ya miƙe yana kakkaɓe riga. Jos kuwa dutse ce da tsakuwa da kwalta, ga gangara ta ko'ina. Duk da haka, ana saukowa daga Idi sai ka ga samari sun fito da dawakin haya, ana biya ana ɗora yara, ana ɗaukar hoto.

A irin wannan yammaci aka ɗora ɗan yayata, ɗan firamare, a wani layi da ke bayan Bauchi Road. Mai dokin ya ce mini, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ko jariri zai hau shi." Dokin kam ba shi da tutsu. Amma tun safe ake hawa ana sauka, majayi ya saki, ba wanda ya sake jan sa. Mai Keke Napep ya danna oda a kunnen dokin, ya zabura, sirdi ya karkace. Yaron silifas ne a ƙafarsa, likkafar kuma ta manya ce, sai ƙafar ta zurma har idon sawu. Maimakon ya faɗi ya huta, sai da dokin ya ɗan ja shi a ƙasa kafin a cafke linzami.

Hannu ya kumbura, kowa na cewa a tafi wurin mai ɗori. Wata maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ce, "Ɗana, faɗa mini, me ya same ka?" Ya kasa tunawa. Bai jima ba ya yi amai. Ta ce asibiti, yanzu.

A can na fahimci cewa karaya tana iya jira, buguwar kai ba ta jira. Yaro na iya miƙewa yana magana alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Amai a kai a kai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ciwon kai mai ƙaruwa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk ba na jira a ga safiya ba ne. Wanda ke kukan ciwon wuya kuma ba a cicciɓarsa kamar buhu, abin da mukan fara yi ke nan saboda tausayi. Namu ya kwana a asibiti ana duba shi, aka sa wa hannun filasta, Allah ya taƙaita.

Abin da ke ba ni haushi, a Jos ɗin nan akwai filin Polo. Manyan mahaya da suka shekara a kan sirdi ba sa shiga wasa sai da hular kwano da takalmi mai dunduniya, wanda ke hana ƙafa zurmawa. Mu kuwa yaron da bai taɓa riƙe linzami ba muke ɗorawa da hula zanna da silifas, mai jan dokin ma idonsa na kan wanda zai biya na gaba.