Tsakanin Amitabh, Sachin da Lata: Da Wane Mudu Za Mu Auna?

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, wata gardama ce ta kaure a gidanmu ranar ƙaramar Sallah, wadda har yanzu ba ta bar zuciyata ba. Mun taru a ɗakin mahaifiyarmu kamar yadda muka saba, sai hira ta gangaro kan ƙasar Indiya, domin autanmu bai daɗe da dawowa daga karatu a birnin Bangalore ba. Babban wanmu, wanda ya yi samartaka a zamanin da gidajen silima irin su Marhaba da Plaza suke cika maƙil a Kano, ya ce Indiya ba ta taɓa haifar wanda ya kai Amitabh Bachchan ba. Auta ya yi dariya ya ce: "Yaya, ai fim ka sani, ba Indiya ba. Je ka can ka ambaci Sachin Tendulkar, ka ga yadda ake girmama mutum." Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai da wannan dariya, har ya miƙe zai fita. Da ƙyar na zaunar da shi, sai suka ce: "To Malam, kai ne alƙali."

Kunya ta ɗan kama ni, domin an san ni da allo da littafi, ba da hirar 'yan wasa ba. Amma ƙarya ce in ce ban san su ba, tunda da kaset ɗin bidiyo na fina-finan Indiya muka tashi. Sai na ce kowa ya kawo hujjarsa.

Hujjar Yaya ba ta da rauni. An haifi Amitabh a Allahabad a 1942, kuma tauraronsa ya haska da fim ɗin Zanjeer a 1973, sannan Deewaar da Sholay suka biyo baya a 1975. Ya fito ne a matsayin saurayi mai fushi da zalunci, a daidai lokacin da talakan Indiya yake fama da tsadar rayuwa da rashin aikin yi, shi ya sa suka ga kansu a cikinsa. A 1982 ya ji mummunan rauni a ciki yayin ɗaukar fim ɗin Coolie, har aka kusa fid da rai, jama'ar ƙasar suka duƙufa yi masa addu'a a wuraren ibadarsu. Bayan ya warke, sai aka sauya ƙarshen labarin domin kada jarumin ya mutu. A ƙarshen shekarun 1990 kamfaninsa ya karye, bashi ya yi masa katutu, amma ya sake farfaɗowa da shirin kacici-kacici na talabijin mai suna Kaun Banega Crorepati a 2000. Yaya ya rufe da cewa a 1999 masu kaɗa ƙuri'a a shafin intanet na BBC shi suka zaɓa gwarzon 'yan wasan kwaikwayo, gaba da Turawa.

Shi kuwa Auta da alƙaluma ya zo. Sachin ɗan wasan kurket ne, wato wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya make ta da faffaɗan katako, wanda Indiyawa suke so fiye da yadda muke son ƙwallon ƙafa. Ya fara buga wa ƙasarsa a 1989 a birnin Karachi yana ɗan shekara 16, bai ajiye ba sai a 2013, shekara 24 ke nan. Ya buga wasa 200 na dogon zango, irin wanda ake kai kwana biyar ana yi, kuma sau 100 yana cin maki ɗari ko fiye a tsayuwa ɗaya a wasannin ƙasa da ƙasa, abin da babu wanda ya yi sai shi. A 1999 mahaifinsa ya rasu ana tsakiyar gasar cin kofin duniya a Ingila, ya je gida aka yi jana'iza, ya komo ya ci maki 140 a karawarsu da Kenya. A 2011 kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin a garinsu Mumbai. Auta ya ƙara da cewa a 2014 an ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi daraja a ƙasar, wadda Amitabh bai samu ba.

Na ce musu, a karatun usulu an koya mana cewa ba a yin ƙiyasi idan akwai bambanci na asali tsakanin abubuwa biyu. Aikin Sachin ƙirga shi ake yi, na Amitabh kuwa a zuciya ake jin sa, kuma ba a auna hatsi da kamu, ba a auna yadi da mudu. Ko lambar girman ma ba ta kashe magana ba, domin sai a 2011 aka faɗaɗa ƙa'idarta har ta iya haɗawa da 'yan wasannin motsa jiki, kuma da aka ba Sachin, Indiyawa da yawa sun ce Dhyan Chand, ɗan wasan hoki da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1928 da 1932 da 1936, shi ya fi cancantar a fara da shi.

Muna cikin haka sai Auta ya kunna wani yanki na Sholay a wayarsa, wurin da Hema Malini take rawa a kan fasassun kwalabe, don ya tsokani Yaya. Inna, wadda ba ta sa mana baki ba tun ɗazu, ta ɗago kai ta ce: "Allah sarki, yarinyar nan akwai murya." Na ce: "Inna, ai ba ita take rerawa ba, baki kawai take motsawa. Wata ce daban, sunanta Lata Mangeshkar." Na yi ta kunna mata waƙoƙi daga fina-finai daban-daban, tun daga zamanin Nargis har zuwa na Kajol, ina ce mata duk ita ce. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Ashe duk mace ɗaya ce? Shekara nawa ina aikin gida da muryarta a kunnena, ban taɓa jin sunanta ba."

Wannan magana ta fi duk hujjojinmu nauyi a wurina. An haifi Lata a Indore a 1929, mahaifinta ya rasu a 1942, ɗawainiyar mahaifiyarta da ƙannenta huɗu ta faɗo kanta. Waƙar da ta fito da ita tana cikin fim ɗin Mahal na 1949, amma a jikin faifan sunan jarumar labarin aka rubuta, ba nata ba. Ta tsaya kai da fata sai an san da zaman masu rera waƙa a bayan fage, kuma da aka ware musu kyautar Filmfare a 1959, ita ce ta fara karɓa. Ta rera dubban waƙoƙi cikin harsuna fiye da 30, an ba ta Bharat Ratna a 2001, kuma da ta rasu ranar 6 ga Fabrairu 2022 tana da shekara 92, ƙasar ta yi zaman makoki na kwana biyu.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne yadda su ukun suke a sarƙe da juna. Mahaifin Sachin sunan wani mai tsara kiɗan fina-finai ya sa masa, wato Sachin Dev Burman. Shi kansa Sachin "Uwa" yake kiran Lata. A 1983, da Indiya ta fara cin kofin duniya na kurket, hukumar wasan ba ta da kuɗin kirki na yi wa 'yan wasa tukwici, sai Lata ta yi taron waƙa a Delhi aka tara musu. Amitabh ma, yawancin waƙoƙin da muke gani a bakinsa muryar wasu ce, irin su Kishore Kumar.

Da suka matsa sai na yanke hukunci, na ce idan dole ne in zaɓa, Lata zan zaɓa, amma ku sani da mudun ɗakin Inna na auna. Sachin bai iso Kano ba domin ba ma buga kurket. Amitabh ya iso da fuskarsa da sunansa. Ita kuwa ta iso babu fuska babu suna, ta shiga har ƙuryar ɗakin matan da ba su taɓa taka ƙofar silima ba. Na ce Yaya ya zaɓi gwarzon samartakarsa, Auta ya zaɓi gwarzon garin da ya yi karatu, ni ma na zaɓi wadda ta taɓa mahaifiyata, don haka babu mai ikon kiran wani jahili.

Auta ya ba Yaya haƙuri a kan dariyar da ya yi masa, Yaya ya ce ya wuce, ko da yake har muka watse yana nan a kan bakansa. Da na zo yi wa Inna sallama sai ta ce: "Maimaita min sunan nan, kada in manta." Na maimaita mata sau biyu.