Ta yaya aka san akwai ƙarfe a Rana?

Malamai da iyaye, a cikin tambayoyin yara akwai wadda bai kamata mu amsa da "haka littafi ya ce" ba. Ita ce: "Mushe, wa ya je can ya gano?" Ina shan ta duk shekara idan na ce wa ɗalibaina akwai baƙin ƙarfe a Rana. Ga amsar da nake ba su.

Kowane sinadari yana da irin haskensa, kamar zanen yatsa. A barbaɗa gishiri a wutar gaz, za ta yi rawaya. A 1869, lokacin wani husufi, masana suka raba hasken rawanin da ke kewaye da Rana, irin wanda mutanen yankin Maraɗi suka gani ranar 29 ga Maris 2006. Suka tarar da wani koren layi da bai dace da kowane sinadari ba, har aka zaci sabo ne. Sai bayan shekara 70 Bengt Edlén, ɗan Suwidin, ya nuna baƙin ƙarfe ne wanda zafi ya fizge wa kowace ƙwayar zarrarsa elektron 13. Daga nan aka fahimci zafin rawanin ya haura digiri miliyan ɗaya.

To yaya za a sami irin wannan ƙarfen a ƙasa a yi nazarinsa? A farkon shekarun 1960, Kay a Ingila da Bashkin a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da wata dabara. Na'ura tana harba ƙwayoyin ƙarfe da gudu su ratsa fallen karbon wanda ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. Wajen ratsawa sai su zubar da elektron da yawa, su fito suna haske, hasken yana dushewa yayin da suke nisa.

Nan ne abin ya fi burge ni: tazara ta zama agogo. Idan ƙwaya tana gudun kilomita 10,000 a daƙiƙa, santimita ɗaya bayan fallen daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyar na daƙiƙa. Da awon tsawo sai a san tsawon lokacin da ƙwayar ke ɗauka kafin ta saki haskenta. Ɗan aji uku na kolej zai iya wannan lissafin.

Galibin hasken nan ido ba ya ganinsa, domin ya wuce shuɗi da nisa, iska ma tana shanye shi. Shi ya sa ake zuƙe iskar na'urar kaf, shi ya sa kuma tauraron ɗan adam SDO, da aka harba a 2010, yake ɗaukar hotunan Rana daga sama da hasken ƙarfe. Ba don awon da aka yi a ƙasa ba, da an kasa fassara su.

Ba mu da irin wannan na'ura a makarantunmu, amma muna da gishiri, da wayar tagulla mai sa wuta ta yi kore, da tsohon faifan CD mai raba hasken ampul launi-launi. Kada dai yaro ya kalli Rana da ido. Wanda ya ga gishiri ya canza launin wuta ya riga ya kama bakin zaren. Iyaye kuma, in yaro ya dawo gida da tambaya, a bar shi ya yi ta, ba rashin kunya ba ne.