Kwamin Ruwan Gishiri Ba Ya Kula Da Kansa

Masu sayar da kayan kwamin ninƙaya suna da wata magana mai daɗin ji da suke yi wa iyalan da suka gina gidan hutu a bayan gari. Sukan ce a sa na ruwan gishiri, babu kulorin, babu wahala, da an zuba gishiri an huta. Maganar nan ba haka take ba, kuma idan aka ɗauke ta a yadda aka faɗa, yara ne za su fara ji a jikinsu.

Gidan gonar surukaina yana kan hanyar Keffi. Mukan je ranar Juma'a da yamma, mu dawo Abuja ranar Lahadi. Kuɗin da za a biya ma'aikaci ya riƙa yin wannan tafiya kowane mako ya fi ƙarfinmu, don haka kula da kwamin ya faɗo kaina. Surukata ta ce, "Ai ke ce mai awo a gidan nan." Na karɓa, domin aikin harhaɗa magunguna ya koya mini cewa magani ba ya aiki sai adadinsa ya cika, kuma an ba shi a kan lokaci. Ruwan kwami ma haka yake.

Kwamin ruwan gishiri kwamin kulorin ne, bambancin kawai a inda kulorin ɗin yake fitowa. Akwai wata na'ura a jikin bututu mai faranta na ƙarfen titaniyom. Idan ruwa ya ratsa ta, wutar lantarki tana raba gishirin ta fitar da kulorin, shi kuma ya kashe ƙwayoyin cuta. Gishirin da ake bukata kusan giram 3 ne a kowace lita. Ruwan da muke ƙara wa majiyyaci a asibiti yana da giram 9, na teku kuwa kusan 35. Wannan ɗan gishirin ba ya kashe komai da kansa. Abinci ne kawai ga na'urar.

Na'urar kuwa ba ta aiki sai injin tura ruwa yana juyawa, shi kuma sai da wuta. A nan matsalar gidan da ake bari kwana biyar take. Idan wuta ta ɗauke ranar Litinin ba ta dawo ba sai Alhamis, babu kulorin da aka samar, wanda ke ciki kuma rana tana cinye shi cikin sa'o'i kaɗan. Ruwan yana iya zama garai-garai ranar Juma'a alhali babu abin da ke tsare shi. Ido ba ya ganin ƙwayar da ke sa gudawa ko ciwon kunne. Idan aka bar shi tsaye mako ɗaya zuwa biyu, gansakuka ta fito, sauro ma ya samu wurin hayayyafa. Saboda haka muka haɗa injin da sola, muka sa masa agogon da ke kunna shi kimanin sa'o'i 8 a kullum, ko muna nan ko ba ma nan.

Duk da haka, dokata guda ce: babu wanda zai shiga ruwa sai na gwada. Gwajin bai kai minti biyar ba. 'Yar takardar gwaji ce ake tsomawa a ruwan, a kwatanta launinta da na jikin kwalba. Abu biyu nake fara dubawa. Na farko kulorin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, idan kuma ana sa sinadarin da ke kare shi daga rana, kada ya gaza 2. Na biyu ma'aunin pH, wanda nake riƙewa tsakanin 7.2 da 7.8. A kwamin gishiri wannan lamba hawa take yi da kanta, kuma tana hawa ƙarfin kulorin yana raguwa. A 7.5 kusan rabinsa ne ke cikin sigar da ke kashe cuta da sauri, a 8.0 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da ɗan asid na kwami ake sauke ta.

Idan na tarar kulorin ya ƙare, ba na jiran na'urar, domin a hankali take aiki. Ina zuba garin kulorin bisa awon da ke jikin robarsa, injin ya kwana yana juyawa, da safe in sake gwadawa. Yara sun sha yi mini fushi a daren Juma'a. Fushin dare ɗaya ya fi mini sauƙi a kan kwana uku ana dama ruwan gishiri da sukari.

Akwai kuma abin da kulorin ba ya iyawa da wuri. Ƙwayar kiriftosiforidiyom, mai sa zawo kamar ruwa, tana iya wuce mako guda a raye cikin ruwan da awonsa ya cika. Shi ya sa duk yaron da ke gudawa ba ya shiga kwaminmu, ko ɗan wane ne. Idan likita ya tabbatar wannan ƙwayar ce, sai an yi mako biyu da tsayawar gudawar.

Kowane yanayi da nasa aikin. Gishiri ba ya bin tururi, don haka a lokacin hunturu da bazara, idan ruwa ya ja baya, ruwa kawai ake ƙarawa, sai yawan wanke matacin saboda ƙura. Da damina ruwan sama yana tsinka gishirin, ambaliya ta tafi da wani, sai an gwada an cike gurbin. Kwami mai lita 50,000 yana cin kusan kilo 160 a zubin farko. A nemi gishirin kwami zalla, domin na girki yana da aidin da sinadarin hana dunƙulewa, wanda kan iya ɓata launin bango. Kowane wata uku nakan duba farantan na'urar. Idan ruwan bohol ya tara musu farin ɓawo, sai a jiƙa su a asid da aka tsinka.

Wurin asid ɗin nan a kula sosai. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a cikin asid. Kada a haɗa shi da kulorin a bokiti ɗaya, kada ma a ajiye su kusa da juna, domin haɗuwarsu na fitar da iskar da ke ƙona huhu. A sa safar hannu da tabarau, a kulle ɗakin ajiya, kuma kada a juye komai a robar lemo.

Ranar Lahadi kafin mu tashi, ina sake gwaji, in kwashe ganye, in rubuta lambobin a littafi. Malam maigadi aiki biyu kawai na ba shi: ya duba ko injin ya tashi da safe, in bai tashi ba ya kira ni, sannan ya tabbatar ƙofar shinge a kulle take. Wannan na biyun ya fi komai muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro yana nutsewa ba tare da ihu ba, kuma gidan da babu kowa ba ya hana 'ya'yan maƙwabta leƙowa. Shinge mai tsayin mita 1.2 ko fiye, da ya zagaye kwamin ta kowane ɓangare, yana gaba da kowace na'ura.

Iyali za su iya riƙe kwami ba tare da ɗaukar ƙwararre ba, muddin akwai mutum ɗaya da ya san aikin nasa ne. Wanda bai samu wannan mutumin a gidansa ba, gara ya jinkirta ginin har ya samu.