Ba Kowane Kira Ake Amsa wa Na'am ba

Mu uku ne muke amsa suna ɗaya a gidanmu na Damagaram. In kakarmu ta ƙwala kira daga ɗakinta, duk mu ukun za mu ji, kowa ya tsaya yana auna muryar, ko da shi ake. Ni ban taɓa tsayawa ba. "Na'am!" nike cewa tun ba ta rufe baki ba, don a ce ni ne mai ladabi. Sau nawa na karɓo aiken da ba nawa ba na ɓata shi, Allah kaɗai ya sani.

Ban ƙara tuna wannan hali ba sai bana a Yamai, saboda abokin ɗakina. Shi ɗan sashen kimiyya ne, ni kuwa ilimin harsuna nike karantawa. Aikinshi na ƙarshen shekara wani ɗan allo ne mai ekiran da ake taɓawa, wanda zai koya wa yara haruffa. Ya sa Linux a ciki, ni kuma na rubuta mishi kalmomi masu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Saura sati biyu ya gabatar da shi gaban malamai, abin ya fara iskanci. In ba ka taɓa ekiran ba, lafiya lau. Da ka ɗora yatsa, sai kalma ta tsage biyu, rabin "ƙwarya" a sama, rabin "ɗaki" a ƙasa. Dare huɗu bai je fada ba, shayi ma sai na kawo mishi.

Daren na biyar na ce ya bayyana mini, ko ba zan gane ba. Ya ce ekiran yana zana hoto daga sama zuwa ƙasa sau 60 cikin sakan guda. Duk lokacin da ya kai ƙasa akwai ɗan numfashi kafin ya koma sama, kuma cikin wannan numfashin ne kawai ya kamata a canza hoto. Don haka ekiran ke aika kira ga ƙwaƙwalwar na'urar, ta katse abin da take yi ta saurare shi. Matsalar ita ce a allon nashi, waya ɗaya ce ke ɗauko kiran ekiran da na ɓangaren da ke jin yatsa. In kira ya zo, Linux ba ta san mai shi ba. Sai ta bi direbobin da suka yi rajista kan wayar ɗaya bayan ɗaya, wato ƙananan tsare-tsaren da ke kula da kowace na'ura, ba direbobin mota ba. Kowane zai duba na'urarshi. In ita ta yi kira, ya share alamar, ya yi aikin da sauri, ya mayar da IRQ_HANDLED. In ba ita ba ce, ya mayar da IRQ_NONE, ma'ana "ba da ni ake ba".

Na ce, "To naka direban yana dubawa kafin ya amsa?"

Ya yi shiru. Ya buɗe rubutun. Ashe ya ɗauko shi ne daga wani misali inda ekiran ke da wayarshi shi kaɗai. Direban ba ya duba komi. Kowane kira nashi ne, ko yatsa ne ya jawo shi, sai ya canza hoto ana tsakiyar zane. Layi uku ya ƙara, kalmomina suka daina tsagewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya faɗa daga baya. Linux tana ƙirga amsoshin. In cikin kira 100,000 fiye da 99,900 ba wanda ya ce nashi ne, sai ta rufe wayar, ta rubuta cewa ba wanda ya kula. Ta haka ake gane akwai na'urar da ke kuka ba mai jin ta. Amma direban da ke cewa na'am ga komi yana kashe wannan gargaɗin. Na'ura na iya daskarewa, ba kuma wata shaida da za ta nuna inda ciwon yake.

A ajinmu mun karanta aikin Emanuel Schegloff na 1968 kan kira da amsa, inda ya nuna cewa wanda ya amsa kira ya ɗauki nauyin sauraren abin da zai biyo. Na ci jarrabawa da shi, amma sai a wannan daren na gane shi.

Ku tuna taronmu na ƙarshe. An tambaya wa zai tara rubuce-rubuce, wa zai kai fotokopi, wa zai karɓi kuɗin takarda. Ni na ce "ni" har sau uku. Wannan ɗan littafi da ke hannunku ya makara wata biyu, kuma ba wanda ya nemi wani ya karɓi aikin, tunda an ji na amsa. Ku yafe mini. Taro mai zuwa, in kun ji na ce "ba ni ba", kar ku ɗauka lalaci ne.