Yadda Ciwon Autarmu da Tukunyar Maƙwabciya Ƴar Meksiko Suka Maido Mu Ga Tuwo

 Muna gaishe ku daga Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, garin da ƴan Nijar ke da yawa har wani lokaci mutum ya manta a baƙunta yake. Mun daɗe muna son ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu, don wataƙila yanzu haka akwai uwar da ke kallon ɗanta yana ramewa, ta yi magani har ta gaji, ba ta san daga ina abin yake ba.

Autarmu tana da shekara biyar lokacin da abin ya tsananta. Yarinya ce mai ci, amma abincin ba ya kama jikinta. Ciki a kumbure kamar ganga, ƙafafu sirara, zawo yau da gobe, ga kasala ga saurin kuka. Rigar da aka ɗinka mata a ƙaramar salla ita ta sake sawa da wata ƙaramar sallar ta zagayo, ba ta yi mata kaɗan ba. Mun ba da maganin tsutsar ciki. Inna, kakarta, ta aiko da saiwoyi daga Maradi, ta ce shawara ce. Wata gwaggo ta ce baki ne. Duk abin da aka ce mun yi, shiru.

Daga ƙarshe likitar yara ta sa aka yi awon jini, sannan aka zura ƴar kyamara ta baki aka ɗauko ɗan abu daga hanjinta aka duba. Sakamako ya fito: cutar siliyak. Ranar muka fara jin sunan. Likitar ta zana mana a takarda. Ta ce cikin ƙaramin hanji akwai ƴan tsirai ƙanana kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai cikin jini. A cikin alkama da sha'ir da wani ɗan'uwansu da ake kira rai akwai sinadari mai suna guluten, shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Mai wannan cuta in ya ci guluten, sai garkuwar jikinsa ta juya ta far wa hanjinsa, tsiran nan su kwanta, abinci ya riƙa wucewa kawai. Ba ƙwaya, ba allura. Maganin ɗaya ne: a bar duk abin da ke da guluten har ƙarshen rayuwa.

Da muka dawo gida muka buɗe kabad ɗin kicin, sai jikinmu ya yi sanyi. Burodi, taliya, makaroni, kuskus, biskit, fulawar fanke. Ashe duk gidan a kan alkama yake tsaye. Gaskiya ce mai ɗaci, amma mu faɗe ta: mu da muka tashi da kokon hatsi da safe, hura da rana, tuwo da dare, mun zo nan mun zama ƴan burodi. Ba don ya fi daɗi ba, sai don ba lokaci. Baban yara yana fita tun duhu, uwar yara tana dawowa daga aiki bayan magariba. Wa zai tsaya tuƙa tuwo?

Da muka kira Inna muka gaya mata, dariya ta yi. Ta ce, "Ke ɗiyata, yaushe burodi ya zama guba? Ciwon Nasara ne kuka kwaso ma jikata." Mu ma da farko haka muka ɗauka. Amma masana sun ce kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da wannan cuta, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Wani bincike da aka fitar a 1999 a kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya samu cutar ga fiye da yara 5 cikin 100. Waɗannan ƴan Afirka ne, Musulmi, mazauna hamada. Ke nan ba ciwon Nasara ba ne.

Watannin farko sun yi wuya. Burodin da ba guluten da ake sayarwa a kanti ga tsada ga rashin daɗi, yana marmashewa a hannu kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Yarinya ta ga yayyenta na cin abin da aka hana ta, ta zauna a matakala tana kuka. A nan maƙwabciyarmu ta gan ta. Tsohuwa ce ƴar jihar Puwebla ta ƙasar Meksiko, tana riƙon jikokinta, yara na ce mata Abuwela, wato kaka da Sifaniyanci. Turancinta kaɗan, namu ma ba yabo ba fallasa. Da yamma sai ga ta da wani abu mai zafi naɗe cikin tsumma mai tsabta: ƴan faya-fayan waina sirara, ana ce musu tortiya.

Muka yi godiya muka ce yarinyar ba ta cin irin wannan. Ta girgiza kai, ta koma ta ɗauko jakar garin, ta ɗora yatsa a kan rubutun. Masara da farar ƙasa, shi ke nan. Tana nuna kwaɓin tana cewa "masa, masa". Muka fashe da dariya, muka ce mu ma muna da masa a garinmu. Ashe a harshensu masa na nufin kwaɓi. Ranar autarmu ta ci tortiya huɗu da wake, ta kwana lafiya lau.

Daga baya muka fahimci sirrin garin. Mutanen Meksiko tun dubban shekaru suke dafa masara cikin ruwan farar ƙasa ko ruwan toka, ta kwana a ciki, a wanke, a niƙa. Wannan ne ke sa garin ya kama jikinsa ba tare da alkama ba, kuma yana buɗe wani bitamin da ke ɓoye cikin masara, wanda rashinsa ke kawo ciwon fata da zawo ga masu dogaro da masara kaɗai. Wanda ya san aikin kanwa da ruwan toka a tukunyar wake ko a miya ba zai yi mamaki ba.

Saura matsalar lokaci. A nan ne Abuwela ta ara mana wata tukunya da muka sa wa suna tukunyar haƙuri. Ta kuran ce, cikinta kasko ne mai kauri, murfinta na gilas. Ba ta tafasa da ƙarfi, zafi kaɗan take bayarwa na tsawon awowi. Ka zuba komi da safe, ka rufe, ka tafi aiki, ka dawo ka iske gida na ƙamshi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. To wannan tukunyar ba ta dafa dutse ba tukuna, amma ta dafa ƙafar sa har ta narke.

Abinci na farko da ta koya mana na garinsu ne, sunansa tinga. Ga yadda muke yi a gidanmu: kaza kilo 1, albasa 2 manya, tumatir 5, tafarnuwa ɓare 3, gishiri, da barkonon cipotle guda 2. Cipotle barkono ne da aka bari ya nuna ya yi ja sannan aka busar da hayaƙi. Wanda ba ya da shi ya gasa tattasai da attaruhu a kan garwashi, zai samu kusan wannan ƙamshin. A markaɗa tumatir da barkono da tafarnuwa, a yanka albasa a shimfiɗa a ƙasa, a ɗora kaza, a juye markaɗen a kai. Awa 6 a ƙaramar wuta. In an buɗe, cokali biyu sun isa a yayyaga naman. A ci da tortiya, ko shinkafa, ko dafaffen dankali.

Na biyu barbakowa. A ƙasarsu rami ake tonawa, a zuba garwashi, a naɗe naman rago da ganyen wani tsiro mai suna magei, a rufe ya kwana. A tukunyar haƙuri muna sa naman rago ko na akuya kilo 1 da rabi, da albasa, tafarnuwa, kanumfari 3, ruwan lemun tsami, busasshen tattasai da aka jiƙa aka niƙa, da ruwa rabin kofi kawai. Awa 8. Ranar da muka fara yi, baban yara ya ɗanɗana ya ce, "Wannan ai romon kai da ƙafa ne na washegarin layya." Na uku wake ne zalla, da albasa da tafarnuwa da gishiri, wanda ba a rasa shi a gidan ɗan Meksiko kamar yadda ba a rasa shinkafa da wake a gidajenmu.

Tukunyar tana da ƙa'idodinta. Kar a cika ruwa, don tururi ba ya fita. Kar a riƙa buɗe murfi, duk buɗewa tana maida dahuwa baya. Kar a sa nama da ƙanƙararsa daga firigo, a bari ya saki tukuna. Wanda ya fi muhimmanci kuma: jan wake irin nasu mai siffar ƙoda yana da wani dafi da ƙaramar wuta ba ta kashewa. Sai an jiƙa shi ya kwana, an zubar da ruwan, an tafasa shi sosai a wuta ta gaske aƙalla minti 10 kafin ya shiga tukunyar.

Kar kuma a ɗauka duk abincin Meksiko ba shi da alkama. Akwai tortiya ta fulawa, fara mai faɗi, wadda mutanen arewacin ƙasar suka fi ci. Ƙunshin yaji na kanti da barkonon gwangwani wani lokaci ana kauraya su da fulawa. Wasu dunƙulen miya ma akwai alkama a ciki. Mu Musulmi muna da ƙarin abin lura, don suna yawan sa man alade a soyayyen wake da wasu kwaɓe-kwaɓe. Abuwela da kanta ta gargaɗe mu a kan wannan, Allah ya saka mata. A nan Amurka, tun 2014 doka ta ce duk abin da aka rubuta masa "ba guluten" dole abin da ke ciki ya gaza kashi 20 cikin miliyan. Mun koyi karanta bayan kwali kamar masu shirin jarrabawa.

Wata rana muna zaune a ɗakin Abuwela ta kawo mana jan abin sha mai sanyi, ta ce sunansa hamaika. Muka kurɓa: bisab ne, soɓorodo namu na gida. Ta kawo wani: ruwan tsamiya. A nan wani abu ya faɗo mana. Masarar da muke tuwo da ita, asalinta daga kudancin Meksiko ne, can aka fara nomanta wajen shekara 9,000 da suka wuce. Barkono da tumatir ma daga nahiyarsu suka zo mana. Kuma muka zauna muka lissafa: hatsi, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, rogo, dankali, gujiya, zogale. Ba ko ɗaya mai guluten. Abincin da likita ke nema wa ɗiyarmu da tsada, shi ne wanda iyayenmu suka raine mu da shi, muka raina. Sai da wata tsohuwa daga wata duniya ta riƙe abincin kakanninta da kyau sannan muka tuna da namu.

Yanzu miyar taushe da miyar kuka duk cikin tukunyar haƙuri muke dafa namansu. In an dawo da yamma, tuƙa tuwon masara minti 20 ne. Gidan gaba ɗaya muka bar alkama, don kar yarinya ta ga kamar an ware ta. Abuwela ta ci tuwo da hannu, ta ce kamar na garinsu amma ba a naɗe da ganye ba. Cikin wata shida cikin autarmu ya sace, kumatu suka fito, rigunan bara suka ɗage.

Jarrabawa mafi girma a gida Maradi ta same mu, lokacin da muka zo hutu. Kun san halinmu, ƙin karɓar abin da babba ya miƙo rashin kunya ne. Wata gwaggo ta ba ta fanke biyu a ɓoye, ta ce, "Ci abinki ɗiyata, ɗan wannan ba ya komi." Kwana biyu yarinya tana murƙususu da amai da zawo. Inna ce ta kwana a kanta. Da gari ya waye ta kira uwar yara ta ce, "Na yarda. Daga yau ni ce mai gadinta." Ta ware mata rariya da muciya. Ta hana a kai hatsinta injin da ake niƙa alkama, ta sa aka surfa aka daka a turmi. Ɗanwake sai da garin rogo, ba fulawa. Ƙosai da awara sai a man da ba a soya fanke a ciki ba. Mai masa ma sai da Inna ta tambaye ta ko tana ƙara fulawa a ƙullu. Kuran kuwa da yake yana zuwa yana tafiya, Inna ta nuna mana tata tukunyar haƙurin: ta tafasa wake sosai, ta sauke, ta naɗe tukunyar da tsohon bargo cikin kwando. Bayan awa uku ya yi luguf.

Ƴan'uwa, ba muna cewa kowa ya bar burodi ba. Wanda ba shi da wannan cuta, alkama halal ce kuma abinci ce, ya ci abinsa. Amma in kuna da yaro mai zawon da ba ya ƙarewa, ciki kumbure, ƙarancin jini, ga shi ba ya girma kamar tsaransa, an yi maganin tsutsa da na zazzaɓi ba sauƙi, ku kai shi gidan likita, ku ambaci sunan siliyak, ku tambaya ko za a iya awo. Kar ku hana shi alkama kafin awon, don in an daina ci sakamakon yana iya ɓoyewa. In kuma aka tabbatar, a duba iyaye da ƴan'uwansa na ciki ɗaya, abin yana bin jini.

Kakanni da gwaggwanni, muna roƙonku da girman Allah: in uwa ta ce kar a ba ɗanta wani abu, ba iyayi ba ne, ba kuma raini ba ne. Ku dama masa hura, ku ba shi gujiya, ƙaunar ɗaya ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya albarkaci damana, ya cika rumbuna da hatsi. A gaida mutanen gida.